Atamfar da Na Yafa a Shumaisi

Abu na farko da Riyad ta koya mini shi ne ba ta kusa da Makka. Ni da na taso ina jin ana cewa wane ya tafi Saudiyya, a zatona duk ƙasar unguwa ɗaya ce, Ka'aba a tsakiya, kowa na kewaye da ita. Sai ga ni a cikin wata farar bas daga filin jirgi, jakata a kan cinya, ina ta leƙen taga ko zan hango hasumiyar Harami, har wata 'yar Filifin da ke kusa da ni ta tambaye ni da Turanci me nake nema. Da na faɗa mata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in Makka nake so sai na kwana ina tafiya a mota. Ban taya ta dariyar ba. Na janye fuskata daga tagar, na gyara zaman abayar da na saya tun a gida, wadda ta yi mini yawa.

Abu na biyu shi ne wakilin da ya yi mana hanyar aikin jinyar maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa da murmushi yake yin ta. Asibitin gwamnati ya yi mini alkawari, da ɗakina ni kaɗai. Inda aka sauke ni wani asibitin kuɗi ne a Shumaisi, tsohuwar unguwa mai ƙananan shaguna, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da 'yar Filifin ɗin nan da wata 'yar Indiya mai kwana da fanka a ka. Tun a ranar aka karɓe mini fasfo, wai yana wajen kafili, wato mai asibitin da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. In ba da sa hannunsa ba, ko rasuwa aka yi mini a gida ba ni da hanyar fita. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba. Na shiga ofis na zazzage musu abin da ke cikina, mutumin da ke bayan tebur ya saurare ni tsaf, ya ce, "Mafi mushkila," wai babu matsala. Daga baya na gane duk lokacin da suka faɗi haka, to matsalar ta kai matsala.

Wadda ta riƙe ni a watannin farko ita ce Sista Amal, wata dattijuwa 'yar Sudan da ke shugabantar ɓangarenmu na masu ciwon ƙashi. Ta taso da maƙwabta Hausawa a garinsu, abin da ya rage mata na Hausa bai wuce "sannu da aiki" ba, amma kullum da safe sai ta faɗa mini shi, kuma kullum sai na ji ƙwalla ta taho. Kewar gida ta ci ni ƙwarai. Na yi kewar tuwon dawa, na yi kewar hayaniya, har kukan jakin maƙwabcinmu da nake tsine wa na yi kewa. Mutanen gida kuma ba su sauƙaƙa mini ba, duk wanda ya kira sai ya ce, Rakiya in kin je ɗawafi gobe ki sa ni a ciki. Na yi bayani har na gaji, na koma cewa to, in sha Allahu.

Wanda bai taɓa neman komai a wajena ba shi ne Baba. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwani yake ce mini. Shi ne Sarkin Awo na kasuwar garinmu, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Aikinsa shi ne ya zauna a bakin layin hatsi ranar kasuwa da wani tsohon mudu na tagulla da ake ce wa uwar mudu. Duk ma'aunin da aka zarga da buga gindin kwanonsa don ya lotsa ya rage cin hatsi, wajen Baba ake kawo shi, a cika uwar mudu da gero a juye a nasa, magana ta ƙare. Sarautar ba ta da albashi kuma ba ta da mota, amma ita ce Baba. Da can hakimi ne ke naɗawa, tun da kasuwa ta koma hannun ƙaramar hukuma sai ya zama ba a zama a wurin sai da yardar ciyaman. Baba bai taɓa yankar katin wata jam'iyya ba. Ciyamomi sun zo sun wuce, duk na jam'iyya ɗaya, kowa ya same shi a wurin ya bar shi a wurin.

Ina cikin shekarata ta biyu al'amura suka juya a gida. A babban zaɓe jiharmu ta suɓuce daga hannun tsohuwar jam'iyya, sabuwa ta hau. Ciyaman ɗinmu da kansilolinsa suka zama ragowar tsohuwar, suna jiran zaɓen ƙananan hukumomi da zai nuna ko su ma za a yi gaba da su. Wanda sabuwar jam'iyya ta tsayar wani ne da kowa ke ce wa Injiniya. Ni duk wannan a bakin yayana Sani nake ji, shi da ke samun ɗan abin sawa a baka wajen bin motar Ciyaman. Ina jin sa ne kawai da kunne ɗaya. Me ya haɗa ni da kansila, ni da ke wankin ciwo a Riyad?

Wata safiya Sista Amal ta kira ni, ta ce an kwantar da wata tsohuwa 'yar ƙasarmu da aka yi wa aikin gwiwa, ta ƙi ci, ta ƙi a taɓa ta, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci. Na shiga na yi sallama. Tsohuwar ta juyo da sauri, ta kafe ni da ido, ta ce in sake magana. Na ce, "Sannu Hajiya, ya jiki?" Ta ce wannan harshen na ƙasarsu ne, 'yar wane ce ni? Da na faɗi sunan Baba sai ta kama salati, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce tun tana amarya kakana ne ke raba musu gardamar awo. Sunanta Hajiya Dije. Sai da surukarta da ke jinyar ta ta fita da ni baranda sannan na san ita ce mahaifiyar Injiniya.

Ban ga wani abu a ciki ba, kuma har yau ban gani ba. Majinyaciya ce, ni kuma aikina ke nan. Tsohuwar tana da tsoro da taurin kai, haɗin da ya fi kowanne wahalar da ma'aikacin jinya. Abincin asibiti ta ce ba shi da uwa ba shi da uba. Ranar hutuna na bi motar ma'aikata zuwa unguwar Batha, na yi ta bin shagunan mutanenmu har na samo tsamiya da garin gero, na dama mata kunu a ɗakinmu, 'yar Indiya tana toshe hanci. Da kunun nan na yi ta yaudarar ta har ta yarda ta sauko daga gado. Ranar da ta fara takawa da ƙarfen dogarawa zagina ta yi tas, ta ce ashe 'yar Sarkin Awo ba ta da imani. Na ce Hajiya ki zage ni kina tafiya, ban yarda ki zage ni a kwance ba. Haka muka yi ta auna barandar nan safe da yamma, tana zagi ina ƙirga mata taku, har ta kai ga isa ƙarshen baranda ta dawo ba ta huta ba.

Ranar sallama ta sa surukarta ta buɗe akwati ta ciro turmin atamfa. Ta ce ba ta da abin da za ta biya ni, ga wannan in ɗinka in riƙa tunawa da ita. Da aka warware sai na ga fuskar Injiniya ce jere a jiki, da alamar jam'iyyarsu. Na so in ƙi karɓa. Amma a ina aka taɓa yi, tsohuwa sa'ar kakarki ta miƙo miki kyauta da hannu biyu ki ce ba ki so? Na durƙusa na karɓa. Ita da kanta ta yafa mini a kafaɗa a kan fararen kayana, ta ce wa surukarta ta ɗauke mu hoto ta nuna wa mutanen gida 'yar da Allah ya ba ta a ƙasar Larabawa. Na tsaya na yi murmushi, haƙorana duk a waje. Da suka tafi na ninke atamfar na tura ta ƙarƙashin akwati, na manta da ita.

Ba a yi sati biyu ba Yaya Sani ya kira ni ina tsakiyar aiki. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Rakiya, kin kashe mu. Me ya kai ki?"

Ya turo mini hoto. Ni ce, da atamfata da haƙorana, an buga ni a fasta an manna a bangon tasha. A ƙasa an rubuta wai 'yar Sarkin Awo ta yi mubaya'a daga ƙasa mai tsarki, har Saudiyya an karɓi canji. Sani ya ce fastar tana ko'ina, har a jikin bishiyar da Baba ke zama ƙarƙashinta. Masu waƙar jam'iyya sun sa ni a baiti, wai a gaban Ka'aba na yafa ta. Ni da ko hanyar Makka ban taɓa gani ba. Na zauna a kan kujerar ba da magani, har Sista Amal ta zo ta karɓi tiren da ke hannuna.

Ciyaman ya aika aka kira Baba sakatariya. Inna ce ta ba ni labari, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ana leƙen ta. Ta ce an bar shi a benci tun hantsi har aka yi azahar, sannan aka shigar da shi. Ciyaman ya ce shekara da shekaru suna rufa masa asiri a kasuwa, ashe da su ake ci da wasu ake kwana. Baba ya ce yarinya aikinta ta yi, kyauta aka ba ta. Ciyaman ya ce to, bari a gama zaɓe, za a san wanda zai riƙe uwar mudu. Daga can Baba bai zarce gida ba, ofishin su Injiniya ya nufa, ya roƙe su da girman Allah su cire hoton 'yarsa daga bango, domin ba 'yar siyasa ba ce. Suka ce ai an riga an buga. Ya dawo da kansa ya ɓamɓare wanda ke jikin bishiyarsa a gaban jama'a. Ka ga ke nan ya ɓata da waɗancan, bai kuma shirya da waɗannan ba.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. In ina ɗaura wa majinyaci bandeji, hankalina na kan bishiyar nan. Na roƙi a ba ni izinin fita in je gida ko na 'yan kwanaki, mutumin ofis ya ce mafi mushkila, bayan kwantiragi ya ƙare. Da a gida nake da na je sakatariyar da kaina, in sun ga dama su kulle ni. Amma ina nan, fasfona a aljihun wani, abin da nake da shi waya ce kawai, ita kuma ba ta kawo mini komai sai abin da zai ƙara mini hawan jini.

Sai Yaya Sani ya zo da dabara. Ya ce ya yi magana da na kusa da Ciyaman, abu ɗaya zai wanke Baba: in yafa tasu atamfar, in je Makka da gaske, in tsaya inda za a ga Harami a bayana, in ɗauki bidiyo ina yi wa Ciyaman addu'a, in ce waccan yaudarata aka yi. Na ce masa ai ba a bari a yi irin wannan a can, in askar suka gan ni, wato 'yan sandansu, sai dai wata ba ni ba. Ya ce in yi daga nesa, cikin minti ɗaya. Ya ce, "Ke kika jawo ruwan, Baba yake duka. Ki zaɓa." Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji, domin na san akwai gaskiya a cikinta.

Atamfar ta iso ta hannun matar wani likita ɗan ƙasarmu da ta dawo daga hutu. Muka haɗu ranar Juma'a da la'asar a lambun da ke gefen gidan tarihi a Murabba, inda iyalai ke shimfiɗa darduma a kan ciyawa. 'Ya'yanta na ta guje-guje suna faɗa da Larabci, ko gaisuwar Hausa ba su iya mayarwa ba. Ta miƙo mini ƙullin ta ce saƙo ne daga yayana, ba ta buɗe ba. Ta zuba mini shayi, ta dube ni ta ce na rame, ko kafili ne? Na ce a'a, ciyaman ne. Ta yi dariya don ta ɗauka wasa nake.

Sista Amal ce ta yi mini hanyar tafiyar. Ban ɓoye mata komai ba. Ta jinjina kai ta ce su ma a ƙasarsu sun san irin wannan, sai dai ba ta taɓa jin wanda siyasar kasuwar hatsi ta biyo shi har Riyad ba. Ta musanya mini ranakun aiki, ta sa sunana cikin ayarin ma'aikata mata da za su Umara a bas daga Batha. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce kar in yi ba. Ta dai ce in kira mahaifina kafin in hau mota.

Na kira shi da rana tsaka, ina tsaye a inuwar wani shagon turare, jakata a ƙafa, atamfar Ciyaman a ciki. Ashe bai san da shirin ba, Sani da Inna sun ɓoye masa. Na yi masa bayani ina haɗa kalmomi da ƙyar. Da na gama sai ya ce:

"Uwani, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ta farko don kunya kika yafa ta, ban ga laifinki ba. Ta biyu in kika yafa, don tsoro ne, kuma a ɗakin Allah. Ban yarda ba."

Na ce Baba za su karɓe uwar mudu. Ya ce ya sani. Ya ce in je in yi Umarata, in roƙa wa kakata gafara, atamfar kuma in ba wa mai bukatar zane. Na fashe da kuka a bakin titi, Larabawa na wucewa suna kallona, ni ko a jikina.

Na je Makka. Kwana muka yi a hanya kamar yadda 'yar Filifin ta faɗa. Kuma bari in faɗi gaskiya, ranar da na fara ɗora ido a kan Ka'aba, ranar da mutane ke roƙon Aljanna da gamawa da duniya lafiya, ni abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne Allah ka ba Injiniya zaɓen ƙaramar hukuma. Mutumin da ban taɓa gani ba sai a jikin atamfa. Lissafina mai sauƙi ne: in Ciyaman ya dawo, sarautar Baba ta tafi, in Injiniya ya ci, ai ni ce na tayar da uwarsa ta taka. Sai daga baya na tuna da kakata. Atamfar Ciyaman kuwa wata tsohuwa 'yar Nijar na ba wa a bakin masauki, ta yi ta sa mini albarka, ita ba ruwanta da fuskar da ke jiki.

Yaya Sani ya daina ɗaukar wayata. Aka sa ranar zaɓe, aka ɗage, aka sake sawa. Kowace ɗagewa sai in ji kamar an ƙara mini wa'adin ciwo. Labari na zuwa iri-iri: yau an ce kansilolin Ciyaman biyu sun sauya sheƙa, gobe an ce ƙarya ne, jibi an ce an yi jifa a tasha. Inna ta ce Baba na zuwa kasuwa kamar kullum, amma mutane sun rage zama kusa da shi, kowa na tsoron a gan shi. Masu gardamar awo ma sai su sasanta kansu a gefe. Wannan ya fi komai ci mini rai, in tuna shi zaune shi kaɗai da mudunsa a gaba.

Ranar zaɓen ina aikin safe, kuma doka ce waya na kulle a loka, wato akwatin ajiyar kaya. Duk bayan ɗan lokaci sai in ce zan zaga, in ruga in kunna saƙonnin murya na zauren 'yan garinmu na waya. Kayan zaɓe ba su iso mazaɓar kaza ba. Sun iso. Layin mata ya kai bakin rijiya. An fara ƙirga. Na ba wani dattijo Balarabe ma'aunin zafi na manta ban karɓa ba, sai da ya buga ƙararrawa. Sista Amal ta kama kafaɗata ta ce, "Halas, ya isa, je ki zauna," ta ƙarasa mini aikin. Ban ci komai ba ranar.

Washegari da hantsi aka faɗi sakamako. Injiniya ya ci, jam'iyyarsa ta kwashe kujerun kansiloli in ban da 'yan ƙalilan. A karo na farko tun ina yarinya, sakatariyar garinmu ta fita daga hannun tsohuwar jam'iyya. Na yi sujada a ɗakin canza kaya. Na sayo tiren basbusa, wani kayan zaƙi na Larabawa, na raba wa duk ɓangarenmu, 'yar Filifin ta tambaye ni ko aure zan yi. Na ce a'a, babana ne ya tsira.

Ashe murna ce za ta koma ciki. Kwanaki kaɗan bayan rantsuwa sabuwar majalisa ta yi zamanta na farko, ta rushe duk shugabannin kasuwa da na tasha, wai duk mutanen tsohuwar gwamnati ne. Sarkin Awo na ciki. An ce ya yi shekaru yana yi wa waɗancan aiki, kuma kowa ya ga lokacin da ya yaga fastar jam'iyya da hannunsa. An ba da sarautar ga wani daga cikin waɗanda suka sha wahalar kamfe.

Na nemi lambar Hajiya Dije wajen surukarta. Ta ɗauka da murna, 'yata 'yata, ya Saudiyya, ta ce gwiwa kam sai godiya. Da na faɗa mata abin da ya sa na kira, sai muryarta ta sauka. Ta ce wallahi ta yi wa ɗanta magana, har sau biyu, har ta yi fushi ta ƙi cin abincin gidansa. Ya ce mata an riga an yi alkawarin wurin tun kafin zaɓe, in ya saɓa, mutanensa za su watse. Ta ce, "'Yar nan, ni na haife shi, amma yanzu ba ni kaɗai ke da shi ba. Ki yafe mini." Na so in yi mata irin masifar da na saba, amma me zan ce wa tsohuwa? Na ce Allah ya ƙara lafiya, na kashe wayar.

Inna ta ce an aiko ɗan saƙo ya karɓi uwar mudu, Baba ya ce a koma, shi zai kai. Ya zauna a tsakar gida da toka da lemon tsami ya dirje ta har tana ɗaukar ido, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauke ta a hannu ya taka har kasuwa, ya miƙa wa sabon a gaban ma'auna, ya nuna masa inda ake riƙewa in za a juye. Ya dawo gida ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kira la'asar.

Na kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A rana ta uku, bayan na tashi daga aiki, na zauna a matakalar gidanmu na ma'aikata na kira shi. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Na buɗe baki zan fara abin da na kwana ina shiryawa, sai ya riga ni.

"Uwani, ranar rantsuwar nan na je, ai gayyatar gari aka yi. Ina can baya wajen masu rake."

Na ce, "Baba, me ya kai ka?"

"Na ga tsohuwar, uwar Injiniya. Daga mota har rumfa da ƙafarta ta taka, ba sanda, ba mai riƙe ta. Har da ɗan matakalar nan ta hau." Ya yi 'yar dariya. "Na taɓa na kusa da ni, ban ma san shi ba, na ce masa ka ga tafiyar can? Aikin 'yata ne."